Amsa Ga 'Yar'uwar Da Ta Yi Tambaya Kan Zunubin Asali Da 'Yancin Zaɓi

'Yar'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Kin tambaya cewa, idan an haife mu da zunubin Adamu, don me Allah zai kama mu da laifin da ba mu aikata ba, kuma idan zuciyarmu ta riga ta karkace tun muna cikin uwa, ina amfanin a ce muna da 'yancin zaɓi. Kin kuma ce wani ya buɗe miki Ezekiyel 18:20, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba, kika rasa abin da za ki ce masa. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma na manya, kuma da wuya a kammala aji ba tare da wani ya tayar da wannan magana ba. A shekarun farko nakan amsa da sauri, domin ina ganin na haddace amsar. Yanzu nakan yi a hankali, saboda na ga yadda amsar gaggawa take raunata mutane.

Kalmar “zunubin asali” ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kamar yadda kalmar “Triniti” ba ta ciki. Suna ne da Ikilisiya ta ba wa abin da ta gani a cikin nassi. Idan kika karanta Farawa sura 3 da kyau, za ki lura ko kalmar “zunubi” ba ta fito a cikinta ba. Sai a Farawa 4:7 ta fara bayyana, inda Allah yake gaya wa Kayinu cewa zunubi yana kwance a bakin ƙofa yana marmarinsa, amma dole ne ya rinjaye shi. Wannan aya tana da nauyi a kan tambayarki, domin an faɗe ta bayan faɗuwar Adamu, ga mutumin da aka haifa a wajen gonar Aidan, kuma duk da haka Allah ya yi masa magana kamar wanda alhakin abin da zai yi yake wuyansa. Daga nan kaɗai ya isa mu gane cewa kowace irin koyarwa muka riƙe game da gādon Adamu, ba za ta iya zama hujjar cewa mutum ya zama kara da iska ke kaɗawa ba.

Inda ruɗani yake shiga shi ne, muna amfani da kalma ɗaya, “zunubi”, don abubuwa biyu. Akwai zunubin da mutum ya aikata da saninsa, kamar ƙarya da sata da zina, kuma a kan irin wannan Ezekiyel yake magana. Mutanen zamaninsa suna zaman bauta a Babila suna ta maimaita wani karin magana, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami amma haƙoran 'ya'ya ne suka mutu, suna nufin su ba su da laifi, zunubin kakanni ne ya faɗo musu. Annabin ya ce su daina, domin kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Sannan akwai halin da aka haife mu a cikinsa, wato rabuwa da Allah, da mutuwa, da zuciyar da take karkata zuwa son kai tun kafin a koya mata. A kan wannan ne Manzo Bulus yake magana a Romawa 5:12, cewa ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta bi bayansa ta game kowa. Littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika na 1992 ya fayyace wannan bambanci da cewa zunubin asali yanayi ne da aka gāda, ba aiki ne da aka aikata ba, kuma ko da yake ni ba ɗan Katolika ba ne, ban sami wanda ya fi su tsara wannan magana ba.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan koyarwa ɗan Afirka ne, wato Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishof na Hippo, ya rasu a 430. Abin da ya sa nake girmama shi, har a inda na saɓa masa, shi ne bai fara da nazari ba, ya fara da binciken zuciyarsa. Ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka girgiza bishiyar maƙwabci da dare suka kwashe 'ya'yanta, alhali ba yunwa suke ji ba, kuma akwai waɗanda suka fi su kyau a gidansu. Ƙarshenta ma aladu suka zuba wa. Abin da ya dame shi har tsufansa shi ne ya gane ba 'ya'yan itacen yake so ba, daɗin karya dokar yake so. Duk lokacin da na ba da wannan labari a aji, sai a fara dariya, daga baya kuma ɗakin ya yi tsit, domin kowa ya tuna da nasa.

Abokin jayayyarsa shi ne Felajiyos, wani mai tsananin kamun kai daga Biritaniya da ya zauna a Roma. Bai kamata a zana shi kamar mugu ba. Ya ga Kiristocin Roma suna rayuwar sakaci suna fakewa da cewa “ai mu mutane ne masu rauni”, abin ya ɓata masa rai, musamman da ya ji addu'ar Agustin da ke roƙon Allah ya ba da ikon yin abin da ya umarta, sannan ya umarci abin da ya ga dama. A ganin Felajiyos, Allah mai adalci ba zai umarci abin da mutum ba zai iya ba, don haka kowane jariri yana zuwa duniya kamar yadda Adamu yake kafin faɗuwa, kuma abin da muka samu daga Adamu mummunan misali ne kawai. Taron bishof-bishof a Kartaj ya ƙi wannan koyarwa a 418, taron Afisa na 431 ya tabbatar da hukuncin, sannan taron Oranj na 529 ya ƙara da cewa ko farkon bangaskiya ma alherin Allah ne, amma a lokaci guda ya la'anci ra'ayin cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Ni kaina na yi zaman Felajiyos na wasu shekaru ba tare da na san sunansa ba. Ina da saurin fushi tun ina yaro, kuma bayan na yi aure na sha ɗaukar alkawari a gaban Allah cewa daga yau ba zan ƙara ɗaga wa iyalina murya ba. Na san dokar, na yarda da ita, ina koyar da ita ranar Lahadi, amma kafin mako ya zagayo na karya. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na buɗe bakina, kuma a daidai lokacin ina son in faɗi maganar da za ta yi zafi. A nan ne Romawa 7:15-19 ta daina zama ayar haddacewa a gare ni, inda Bulus yake cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun abin da ba ya so shi yake aikatawa. Abin da na fahimta daga wannan, kuma shi ne amsata ga rabin tambayarki na biyu, shi ne muna da 'yancin zaɓar abin da muke so, amma ba mu da ikon gyara son da kansa. Mashayin giya da ya tsaya a mararraba yana iya bin dama ko hagu, ƙafafunsa ba a ɗaure suke ba, sai dai zuciyarsa ta riga ƙafafun isa inda za ta. Shi ya sa Yesu ya ce a Yahaya 8:34 duk mai aikata zunubi bawan zunubi ne, kuma wannan bauta ce da bawan yake shiga da ƙafarsa kowace safiya.

Daga nan ne Kiristoci suka rarrabu, kuma gara ki sani domin kada ki ɗauka murya ɗaya ce. A 1524 Erasmus, wani masani ɗan Katolika, ya rubuta yana kare cewa akwai ɗan abin da nufin mutum yake yi wajen karɓar ceto, Martin Luther, jagoran Furotesta, ya mayar masa da martani mai zafi a 1525 cewa nufin mutum a ɗaure yake har sai Allah ya kwance shi. Taron Trent na Katolika ya fitar da matsayinsa kan zunubin asali a 1546, ya kuma koyar da cewa 'yancin zaɓi ya raunana amma bai mutu ba. Mabiyan Kalbin, wani babban malamin Furotesta, a taron Dort na 1618 zuwa 1619 sun ƙi ra'ayin almajiran Arminiyus, masu cewa mutum yana iya ƙin alherin Allah, suka ce alherin da ke ceto ba ya kasa cim ma wanda Allah ya zaɓa. John Wesley kuma, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ya bi layin Arminiyus, ya koyar da cewa akwai alherin da yake riga mutum, wanda yake farkar da nufinsa har ya iya amsawa ko ya ƙi. Na fi karkata ga wannan na ƙarshe, amma na yi hidima tare da 'yan'uwa masu ra'ayin Kalbin waɗanda tsoron Allahnsu ya fi nawa, kuma na lura idan muka durƙusa yin addu'a domin wani ɓatacce, dukanmu roƙo ɗaya muke yi, wato Allah ya juya zuciyarsa.

Akwai wurin da na rabu da Agustin, kuma wata mata ce ta sa na rabu da shi. Jaririnta ya rasu yana da 'yan kwanaki, sai wani mai ɗanyen ilimi ya gaya mata cewa tun da an haife shi cikin zunubi kuma ba a yi masa baftisma ba, to sai dai haƙuri. Ta zo wurina ba ta ko iya kuka. Gaskiya ne Agustin ya koyar da cewa irin waɗannan jarirai suna ƙarƙashin hukunci, ko da yake ya ce mafi sauƙin hukunci ne. Wani ɓangare na dalilinsa ya fito daga fassarar Latin da yake amfani da ita, wadda ta karanta ƙarshen Romawa 5:12 da ma'anar “a cikinsa kowa ya yi zunubi”, wato a cikin Adamu, alhali yawancin masana Helenanci a yau suna fassara wurin da “domin kowa ya yi zunubi”. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas, waɗanda suke karanta Helenancin kai tsaye, tun da can suna koyar da cewa mun gāji mutuwa da lalacewa daga Adamu, amma laifinsa nasa ne. A 2007 ma wani kwamitin masana tauhidi na Fadar Paparoma ya bayyana cewa akwai ƙwararan dalilan sa zuciya ga ceton jariran da suka mutu ba baftisma. Ban karanta wa matar nan wannan tarihi ba. Na buɗe mata 2 Sama'ila 12:23, inda Dawuda ya ce game da jaririnsa da ya rasu, shi ne zai tafi wurin yaron, da Markus 10:14, inda Yesu ya ce Mulkin Allah na irin waɗannan ne, da tambayar Ibrahim a Farawa 18:25, ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba. Jaririn yana bukatar Mai Ceto kamar kowa, domin mutuwar da ta ɗauke shi ita kanta gādon Adamu ce, amma ban ga inda nassi ya nuna Allah yana hukunta wanda bai san damansa da hagunsa ba saboda cin 'ya'yan itacen da bai gani ba.

Zan kuma gargaɗe ki game da kuskuren da ya fi yawa a cikinmu, wanda ba na tauhidi ba ne. Na sha zama sulhu inda mai laifi zai ce “ai dukanmu masu zunubi ne” domin a rufe magana kafin ya nemi gafara ko ya mayar da abin da ya ci. Wannan shi ne ainihin abin da Adamu ya yi da aka tambaye shi: ya nuna Hauwa'u, har ya shafa wa Allah da ya ba shi ita, ita kuma ta nuna maciji. Dawuda a Zabura 51:5 ya ce cikin zunubi mahaifiyarsa ta ɗauki cikinsa, amma ki duba aya ta 3 da ta 4, inda ya riga ya amsa laifinsa da bakinsa ba tare da ya raba shi da kowa ba. Ya ambaci asalinsa domin ya nuna zurfin ciwon, shi ya sa a aya ta 10 bai roƙi a ƙara masa ƙoƙari ba, ya roƙi a halitta masa tsabtatacciyar zuciya. Masu cewa hali zanen dutse ne sun faɗi gaskiya game da iyakar ƙarfin mutum. Ni dai fushina bai ragu da yawan alkawari ba, ya fara raguwa ne sa'ad da na fara furta shi da sunansa a gaban Allah da gaban matata, kuma har yau ban gama da shi ba.

Game da wanda ya nuna miki Ezekiyel 18:20, kada ki yi gardama da shi, domin ayar gaskiya ce kuma Kirista ya yarda da ita ɗari bisa ɗari: ba za a tambaye ki zunubin mahaifinki a ranar shari'a ba. Ki roƙe shi kawai ku ci gaba da karatun tare har aya ta 31, inda Allah ya umarci mutanen su yi wa kansu sabuwar zuciya da sabon ruhu. Daga nan ku juya zuwa Ezekiyel 36:26, inda Allah, ta bakin annabin nan guda, ya ce shi ne zai ba su sabuwar zuciya, ya cire ta dutse ya sa musu ta nama. Sai ki tambaye shi, a ganinsa, me ya sa Allah ya yi alkawarin ba da abin da ya riga ya umarce su su yi da kansu.