Amsa: ta yaya ake gano haidirojin a duniyoyin wasu taurari?

Malam ka tambaya wai ta yaya masana ke sanin akwai haidirojin a sararin duniyar da ke zagaya wani tauraro alhali galibi ko hotonta ba a iya ɗauka. To jira suke ta gitta ta gaban tauraronta, lokacin hasken da ke iso mana sai ya ɗan ragu, kuma kowace iska akwai kalar hasken da take shanyewa, shi haidirojin nasa ido baya gani, sunansa Lyman-alpha, tsawon zangonsa nanomita 121.6. Iskar duniyarmu tana tare shi, shi yasa dole sai da na'urar hangen nesa ta Hubble da ke can sama.

Ka duba wata duniya mai suna HD 209458 b, a 2003 aka auna ta. A hasken da ido ke gani kusan kashi 1.5 cikin 100 kawai take ragewa, amma a Lyman-alpha sai ga kusan kashi 15! Kenan gajimaren haidirojin da ya lulluɓe ta ya fi jikinta girma nesa ba kusa ba, don ta matse kusa da tauraron sosai, kwana 3 da rabi ta gama zagaye, zafi na dafa iskar tana tserewa. Ni dai wata duniyar mai suna GJ 436 b ta fi burge ni, a 2015 aka ga ta shanye sama da rabin hasken Lyman-alpha na tauraronta, har da jela kamar tauraro mai wutsiya.

Wahalar kawai, haidirojin da ke warwatse tsakanin taurari yana cinye tsakiyar wannan hasken a hanya, sai gefe-gefen ake samu a auna, shi yasa taurarin kusa da mu aka fi yi wa wannan awon.