"Ta yi ɓatan wata": dole ciki ne?

Tambaya: Malam, ni amarya ce a Gusau, wata biyar da tarewa. Uwar mijina ta lura ban yi fashin sallah ba wannan watan, sai na ji tana raɗa wa ƙanwarta, "Amaryarmu fa ta yi ɓatan wata." Na sayo abin gwaji a kemis, bai nuna komai ba. Shin kalmar ciki take nufi dole?

Amsa: 'Yata, kalmar ba ta ce ciki ba, mutane ne suka ɗora mata. "Ɓata" ɗin nan na ɓacewa ne, irin na "ɓatan kai" da "ɓatan dabo", ba na lalata abu ba. Mata da jinjirin wata suke lissafi, to wata ya kama har ya fita, baƙon da ake jira bai zo ba. Iyakar abin da kalmar ta faɗa ke nan.

Kunya ce ta jawo sauran. Bahaushiya ba ta buɗe baki gaban suruka ta ce haila, kalmar da muka aro daga Larabci muka bar wa malaman fiƙihu. Sai dai al'ada, ko wanki, ko fashin sallah. Shi ma cikin sakaya shi ake yi, a ce juna biyu. Da yake ga amarya ciki ne abin da kowa ya zuba wa ido, sai ɓatan wata ya zama sunansa na ladabi.

Amma kama da wane ba ta wane. Mai goyo takan yi watanni ba ta gani ba. Haka mai allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku. Damuwa, doguwar jinya, rama ko ƙiba farat ɗaya, da ciwon maƙoƙo duk suna jinkirta shi, kuma amarya a sabon gida ai ba ta rasa tunani. Akwai kuma matsalar ma'ajiyar ƙwai da likitoci ke kira PCOS, wadda kan zo da ƙurajen fuska da gashi a haɓa. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 kuwa, jinin kan yi ta wasan ɓuya kafin ya ɗauke gaba ɗaya.

Bari in ɗan ratse, don kada gobe ki ji an ce "cikin ne ya kwanta". Kwantaccen ciki tsohuwar magana ce, har tana da gindi a fiƙihun Malikiyya, inda aka ce ciki zai iya kai shekara huɗu ko biyar. Tana cikin hujjojin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta duba da ta wanke Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jifa bisa zargin zina, a 2003. A gani na, hikimarta rufin asiri ce da kare nasabar ɗa. Likitoci dai mako 40 suke lissafa wa ciki, kuma mace ta zauna tana jiran kwantaccen ciki ya tashi alhali ciwo ne ke cin ta, wannan ba na goyon bayansa.

Ki sake gwajin bayan mako guda, da fitsarin farko na safe. In wata uku suka wuce shiru, ko kika ji ciwon mara mai tsanani, ki je asibiti. A can ki ajiye sakaye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa wa likita ranar da kika yi ganin ƙarshe, da kowane magani da kike sha, har na gargajiya.