Tambaya da Amsa: Yarona ba ya zana komai sai bindiga

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni uwa ce daga Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, mun baro ƙauyenmu wajen Batsari saboda 'yan bindiga. Yarona ɗan shekara 11 kullum yana kan wayar yayansa yana karanta labaran zanen nan na yaƙi da suke ce ma komik, littafinsa na makaranta kuma duk ya cika shi da zanen babura ne da mutane masu rawani riƙe da bindiga. Babansa ya ce in yaga. In yaga ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Don Allah kar ki yaga.

Komik ɗin yaƙi kala-kala ne. Akwai wanda ke ƙawata yaƙi, jarumi ya kashe mutum ɗari ko ƙwarzane babu, kamar komik ɗin Amurka na Captain America da ya fito a 1941, a bangonsa an zana jarumin yana naushin Hitler, dama don zuga jama'a aka yi shi. In irin wannan yake gani to ki rage masa, ki ce yayan ya riƙa duba me yake saukewa.

Amma akwai waɗanda mutanen da yaƙin ya ci gidansu ne suka zana da hannunsu, su nake so ki sani. Keiji Nakazawa yana shekara 6 aka jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima ta ƙasar Japan a 1945, babansa da yayarsa da ƙanensa duk suka rasu, ya girma da abin a ransa har 1973 ya fara zana Barefoot Gen, labarin yaro mai yawo cikin toka yana nemo ma uwarsa shinkafa. Art Spiegelman kuma zama ya yi da babansa da ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda sojojin Hitler suka tsare Yahudawa suna kashe su, yana ɗaukar maganarsa a kaset, ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye Jamusawa kuma maguna, littafin Maus kenan, har ya samu kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta marubuta a Amurka, a 1992. Waɗannan dai sun yi ma ɗan shekara 11 nauyi gaskiya, ba cewa nake ki ba shi su yanzu ba.

Ni baburan nan ne suka tsaya min a rai wallahi, don ba a waya ya gansu ba, ke ma kin san inda ya gansu. Abin da bakinsa ya kasa faɗa ne yake fitowa ta biro.

Ki sai masa littafi daban na zane da fensir mai kala, bayan isha'i ki zauna kusa da shi ki nuna mutum ɗaya ki ce wannan waye, ina za shi, sannan ki yi shiru ki saurara ko da abin ya sa ki hawaye. In kuma yana firgita cikin barci ko ya daina wasa da yara, ku kai shi asibiti ku ce kuna son ganin likitan ƙwaƙwalwa, ku tafi da littafin.