Amsar Baffa Kan Tutar Najeriya: Asalinta, Ɗinkinta da Ladubbanta

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji cewa hedimasta ya ɗora maka kula da asambile da tutar makarantarku ta Tudun Wada. Allah ya taya ka riƙo. Tambayoyinka uku ne: ko tsayuwar da ake sa yara su yi wa tuta al'adarmu ce ko gadon Turawa ne kawai, wa ya zana ta kuma me launukanta ke nufi, sannan yaya za ka yi da wadda ka tarar a kan sanda, da ka ce ta koɗe har bakinta ya zama zare-zare. Bari in fara da ta farkon, don in ba ta zauna maka a zuciya ba, sauran duk aikin ganin ido za ka yi.

Tuta ba baƙuwarmu ba ce. A zamanin jihadi, daga 1804, duk malamin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya amince da shi ya tura shi wata ƙasa, tuta yake damƙa masa. Malam Musa ya karɓo ta Zazzau, wato ƙasar da garin Kaduna ke zaune a kanta, Sulaimanu ya karɓo ta Kano, Ummarun Dallaje ta Katsina, Yakubu ta Bauci, Buba Yero ta Gwambe, Modibbo Adama ta Adamawa. Wanda aka ba tuta an ba shi izini da amana a haɗe: jama'a sun san a bayansa za su tsaya, shi kuma ya san za a tambaye shi. Abin da ya sa ke nan har gobe wasu daga cikin gidajen sarautar nan ke alfahari da cewa kakansu mai tuta ne. Ran da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, a filin Giginya, akwai mazajen da suka ƙi gudu suka mutu a gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru. In ka koma can baya kuma, ka san labarin Mus'abu ɗan Umairu ranar Uhudu da na Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib a Mu'uta, waɗanda suka riƙe tutar Musulmi har suka yi shahada.

Abin da Bature ya kawo shi ne siga: jera sahu, ƙamewa, busa begila, rera take, fareti. Girmama tutar kuwa ya tarar da shi a gida. Tsayuwar da yara ke yi ba bauta ba ce, ba a rusuna wa ƙyallen, ba a roƙon sa komai. Alama ce cewa mai tsayuwar ya yarda yana cikin jama'ar da tutar ke wakilta. In wani uba ya zo maka da shakku, kada ka yi masa gatsali, kada kuma ka huce a kan ɗansa. Ka zaunar da shi ka yi masa wannan bayani, abin da ya shafi hukunci kuma ka bar wa malamai.

Kafin kore-fari-kore akwai wata tutar. Bayan da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, tutar Najeriya shuɗiya ce, da tutar Ingila a kusurwarta ta sama. A ɗaya ɓangaren akwai jan da'ira, cikinta koren tauraro mai tsini shida, wanda mutanenmu ke kira hatimin Annabi Sulaimanu, da kambin sarautar Ingila da sunan ƙasar a tsakiya. Tauraron nan shi ne a jikin kwabo mai huji da anini. In ka samu ɗaya a adanar wata tsohuwa, ka ara ka kai aji, yara su juya shi a hannu su ƙirga tsinin da kansu. Ya fi dogon bayani a allo.

Da 'yanci ya matso, a 1959 aka yi gasar zana sabuwar tuta, zane sama da 2,000 suka shigo. Wanda ya ci shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, Bayarabe ɗan shekara 23 da ya tashi a Ibadan, yana karatun injiniyan lantarki a kwalejin Norwood da ke Landan, a jarida ya ga sanarwar. Ladansa fam 100. Zanensa na asali yana da jar rana mai haskawa a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. A ganina sun yi hangen nesa. Tutar ta fito ba alamar wani addini, ba tambarin wata ƙabila ko yanki, kuma duk telan da ke da keke da almakashi zai iya ɗinka ta. An fara ɗaga ta da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, bayan an sauke ta Ingila. Daga ranar an yi juyin mulki iri-iri, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an bar fam an koma naira a 1973, an mai da babban birni Abuja a 1991, an sauya taken ƙasa a 1978 an kuma sake sauya shi a 2024, amma ba gwamnatin da ta taɓa tutar. Shi mai zanen an daɗe da mantawa da shi, sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girma ta OFR. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2023, yana da shekara 87.

Kore na nufin noma da albarkar ƙasa. Ka tuna wa yara cewa a 1960 gyaɗa da auduga da koko da manja ne ke riƙe da Najeriya, audugar nan ce ma ta tsai da masaƙun Kakuri. Fari na nufin zaman lafiya da haɗin kai, mu mutanen Kaduna kuwa ba sai an yi mana dogon bayani kan tsadar wannan ba.

Ita wadda ke kan sandarku, a sauke ta yau, kada a jira sai an ɗinko sabuwa. Sanda ba tuta ya fi tuta a yage. Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya sa girmama tuta cikin wajibban ɗan ƙasa, dokar tuta da tambarin ƙasa da aka yi tun 1960 kuma ta mai da ɗaga tutar da ta lalace laifi. Tarar naira 100 ce, yau ba ta kai komai ba, amma laifin na nan.

Awonta ɗaya bisa biyu ne, wato tsawonta ninki biyu na faɗinta. Ta makaranta, ƙafa 6 a kwance da ƙafa 3 a tsaye ta isa. An raba ta gida uku daidai, kowane gida inci 24 a kwance, inci 36 a tsaye: kore, fari, kore, kuma a tsaye suke, ba a kwance ba. Da yawa daga waɗanda ake tallar su a bakin titi gab da ranar 'yanci ƙafa 3 da 5 ne, wasu kuma farinsu ya fi koren ƙanƙanta don a yi tsimin yadi. Ka tafi da tef ka auna. Kada kuma a manna mata tambarin mikiya da dawakai a tsakiya, ko sunan makaranta. Tutar da jama'a ke ɗagawa ba komai a cikin farinta.

In ɗinkawa za a yi, yadi biyu na kore da yadi ɗaya na fari sun isa har da rara. A Kasuwar Shehu Gumi za ka samu. Ka nemi mai roba-roba, tetiron ko poliyesta mara nauyi. Auduga zalla tana shan ruwa ta yi nauyi ta nannaɗe da sanda, rana kuma tana cin launinta da wuri. Koren ya zama kore shar, ba mai duhun da ya kusa baƙi ba, ba kuma mai kama da ruwan ɗorawa ba. Kafin a yanka, yanki ɗan ƙyalle daga koren ka jiƙa shi da ruwan sabulu, ka murza shi a jikin farin tsumma. In ya zuba, kada a ɗinka, domin ruwan farko na damina zai shafe farin ya koma bula-bula.

Tela ya yanka farin inci 26 da 38, inci ɗaya ke nan na ɗinki a kowane gefe. Koren da zai kasance a jikin sanda ya zama inci 28 da 38, a lanƙwasa rarar a yi mata mazagi inda igiya za ta bi. Koren waje inci 27 da 38. Wurin haɗa launukan a yi ɗinkin kwance mai layi biyu irin na gefen wandon jins, don kada bakin yadin ya fito ta kowace fuska, tunda tuta ba ta da ciki da baya. Bakin waje shi ne wanda iska ke kaɗawa dare da rana, daga nan kowace tuta ke fara mutuwa, musamman da hunturu. A ninka shi sau biyu a bi shi da layi huɗu, a ƙarfafa kusurwoyin. Zaren ya zama na roba, kore a kan kore, fari a kan fari. In kuɗi sun kai a ɗinka biyu, ɗaya na sama ɗaya na wanki.

Sandar bututun ƙarfe mai ƙafa 20 zuwa 25 ta dace da tuta mai ƙafa 6. A kafa ta nesa da wayar wuta da rassan itace, a zuba wa gindin kankare. In mai walda zai yi mata gindi mai noti wanda za a iya kwancewa a kwantar da sandar, ya fi. Dalili kuwa, matsalar da aka fi samu ita ce bakin igiya ya kuɓuce ya gudu sama ya fice daga ƙarfen da yake gudana a kai, sai ka ga an sa yaro hawan sanda. Kada ka yarda da wannan ko sau ɗaya. Maganinsa shi ne igiyar nailan mai kaurin milimita 6 zuwa 8, tsawonta ninki biyu na sandar da ɗan ƙari, a ƙulle bakunanta biyu ta zama zobe. Duk farkon zango a duba inda take gogar ƙarfe, nan take tsinkewa.

Ƙa'ida ita ce a ɗaga da fitowar rana a sauke da faɗuwarta, ma'aikatu kan bi ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. A makaranta a ɗaga lokacin asambile, a sauke in an tashi, kada ta kwana a sama ko ta yi hutun zango a can. Yara biyu ke aikin, ɗaya na jan igiya ɗaya na tallabe da tutar, don kada ta taɓa ƙasa. Ana ɗaga ta da hanzari, ana sauke ta a hankali, a ninke a ajiye a ofishin hedimasta. In akwai tutar makaranta ko ta wata ƙungiya, ta Najeriya ce ke fara hawa, ita ce ƙarshen sauka, kada wata ta fi ta girma ko tsawon sanda. In uku ne tana tsakiya.

Sassauto ta zuwa rabin sanda ba ra'ayin makaranta ba ne, sai gwamnati ta ba da sanarwar makoki, kamar kwana bakwai da aka yi bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010, da na Muhammadu Buhari a Yulin 2025. Nan ma akwai tsari da mutane ke tsallakewa: a kai ta har ƙololuwa tukuna, sannan a sassauto da ita rabi. Da yamma a sake mai da ita sama kafin a sauke.

Tsohuwar da za ku sauke kada ta koma tsumman goge allo ko shimfiɗar tebur, kada kuma a jefa ta bola. Ka ninke ta, ku keɓe kai da hedimasta bayan an tashi yara, a ƙona ta a wuri mai tsabta a binne tokar. Ka rubuta ranar da aka ɗaga sabuwar a littafin makaranta, sannan duk Juma'a in an sauke ta ka duba bakin waje. Da zarar zare ya fara fita a kai wa tela ya bi ɗinkin, kafin yagewar ta kai ga yadin.