Shin Ɗaukewar Numfashi a Barci Ciwon Masu Hali Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana direban babbar mota ne, yana minshari mai ƙarfi, wani lokaci sai ya yi tsit kamar numfashinsa ya tsaya, sannan ya zabura yana haki. Da na kawo maganar asibiti, sai danginsa suka ce wannan ciwon masu teɓa ne da suka ci suka ƙoshi, shi kuwa gajiya ce kawai. Haka ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika bayyana ya yi kama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda ke faruwa idan naman maƙogwaro ya saki har ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye. Wanda hakan ke samunsa sau 30 ko sama a cikin awa guda, likitoci na ɗaukar nasa a matsayin mai tsanani. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke ɗauke da shi a duniya, adadin da ya fi ƙarfin a ce na attajirai ne kaɗai.

Dangin maigidanki ba su yi kuskure ba game da ƙiba, domin tana kan gaba a cikin abubuwan da ke jawo shi, musamman kaurin wuya. Sai dai ƙiba ba shaidar wadata ba ce. Direban da ke wuni a zaune, yana cin abin da ya samu a tasha, yana kora lemon kwalba, yana shan taba don ya kori gyangyaɗi, zai iya tara teɓa alhali aljihunsa babu nauyi. A Amurka ma, binciken da aka yi a birnin Cleveland ya gano cewa yaran unguwannin talakawa sun fi kamuwa da ɗaukewar numfashi a barci.

Inda rashin hali ya fi yin ɓarna shi ne wajen gano ciwon da kuma magance shi. Gwajin barci ba a kowane asibiti ake samunsa ba, kuma na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981 domin ta riƙa hura iska ta hanci, tana da tsada, sannan tana buƙatar wutar lantarki dare guda cur. Mutumin da ke kwana a gaban mota a bakin hanya, ina zai jona ta? Haka ciwon ke daɗewa, yana ƙara haɗarin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ga kuma barci a kan sitiyari, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali a batun maigidanki.

Ki ɗauki sautin barcinsa da wayarki, ku kai wa likita, a kuma auna masa hawan jini. Kafin nan, ya riƙa kwanciya ta gefe maimakon rigingine, ya guji taba da ƙwayoyin sa barci, kuma duk lokacin da gyangyaɗi ya kama shi a hanya, ya samu wuri ya tsaya ya runtsa.