Ƙas-ƙas a ƙafar gaba in an karya kwana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla ƙirar 2006. Tun ƙarshen damina, duk sanda na karya kwana, musamman a shataletale ko in zan fito daga gida da ribas, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙafar gaba ta dama. A miƙaƙƙiyar hanya kuwa shiru. Wani makanike ya ce boris ne, wani ya ce a ƙara giris kawai. Maganar wa zan bi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Yadda ka kwatanta ƙarar nan, kan shaf ne, na waje, wanda ke manne da taya.

Corolla da ƙafar gaba take ja, don haka shaf ɗin na aiki biyu: yana kai ƙarfin inji ga taya, yana kuma lanƙwasawa in ka murɗa sitiyari. A cikin kan akwai ƙwallayen ƙarfe, yawanci shida, suna zirga-zirga a kwarminsu cikin baƙin giris, an rufe su da roba. Da robar ta tsage, giris ya fice, ruwan sama da yashi su shiga, sai ƙwallayen su cinye kwarmin. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ka ce bayan damina abin ya soma. Murɗe sitiyari har ƙarshe ka leƙa bayan tayar. In ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin rim, magana ta ƙare.

Kukan boris daban yake. Gurnani yake yi, wuuu, yana ƙaruwa da gudu, ko a miƙe kake tafiya za ka ji shi. In na dama ne ya lalace, yakan fi ƙara lokacin da ka karkata hagu, saboda nauyin mota ya koma kansa. Ba ya ƙas-ƙas.

Ka nemi fili, ka murɗe sitiyari ƙarshe, ka sa ribas, ka zagaya a hankali kana ɗan taka totur, gilashi a sauke. Ka yi ta kowane ɓangare. Da makaniken a cikin mota za ka yi, ya ji da kunnensa.

Shi kuma mai cewa a ƙara giris, da a ranar da robar ta tsage ya faɗa, da ya yi gaskiya. Yanzu ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Giris zai rufe bakin ƙarar na ɗan lokaci, ta dawo. Canji za a yi, ko kan kaɗai ko shaf ɗin gaba ɗaya. Ni na fi son shaf na asali ɗan Beljiyam mai lafiyayyar roba a kan sabon kai mai arha, irin wanda ke soma kuka kafin wata daminar. In za ka Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran. In motarka mai ABS ce, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki, zoben ABS da ke jikin kan shaf ɗin ma ya zo daidai, in ba haka ba fitilar ABS za ta kama a dashbod. A sa baƙin giris na shaf, ba jan nan na gama-gari ba, a ɗaure robar da ɗamarar ƙarfe, ba da waya ko tsinken tayar keke ba.

Tunda an ɗaga motar a jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, sannan gefe da gefe. In tana wasa, a duba boljoyin, wato gaɓar da ke riƙe da ƙafar, da tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Wannan ya fi kan shaf haɗari: shaf in ya karye, inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi, amma boljoyin in ya fita, tayar ce ke kwantawa a ƙasa kana cikin tafiya. Kafin a gyara, ka haƙura da hawa hanyar Kaduna da motar.