Ku tambaya mu amsa: takardar Kano za ta ci a Damagaram?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan unguwar Birni ne, na yi jami'a a Kano shekara 4 na samo digiri, na dawo gida zan aje dosiye na konkur sai aka ce mini wai sai na kawo ekibalans. Abin ya ɗaure mini kai wallahi, Kano da Damagaram fa ko sammako ba ka yi ba ka isa da rana, kuma na ji ana cewa akwai CAMES da ta haɗe takardun Afirka duka. To ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, barka da dawowa. Wanda ya ce maka CAMES, wato majalisar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka da Madagaska, ta haɗe Afirka duka ya ƙara gishiri. Nan Yamai shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa ta a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu, a 1972 kuma aka sa hannu a Lome kan yarjejeniyar mutunta takardun juna. Ƙasashe 19 ne a ciki, kusan duk masu aiki da Faransanci, irin su Nijar, Senegal, Kamaru, Cadi, Gabon, har Madagaska. Najeriya ba ta ciki. Can hukumar jami'o'insu, NUC, ce ke tantance jami'o'i da kwasa-kwasansu. Shi ya sa takardar Dakar mai nisan duniya ta fi ta Kano saurin ganewa a teburin ma'aikacinmu, duk da Kano ɗin nan ce da ka bi Matamai ka ƙetara Daura ka kusa.

Amma kar ranka ya ɓaci, in an zauna an yi lissafi ba ka da gibi. Mu nan firamare 6, kwaleji 4, lise 3, shekara 13 ke nan kafin bak, a ɗora lisans 3 ya zama 16. Su can 6 da 3 da 3 ne, 12, a ɗora digiri 4, ka ga 16 ɗin ce dai aka biyo ta wata hanya. Aikin ekibalans ke nan, a duba shekarun da ka yi da darussan da ka ɗauka a ce wannan ya yi daidai da kaza a tsarinmu na LMD, wato lisans, mastar, doktora, wanda Turawa suka faro a Bolonya a 1999, ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, suka ɗauka a 2007. A tsarin nan ana auna yawan karatu da kiredi, lisans kiredi 180 ce, mastar 120, don haka roleben makinka ya fi kwalin nan mai ado da ka rataye a ɗaki amfani a wurinsu, kwali suna kawai yake faɗi, rolebe shi ke nuna me ka karanta.

To abin yi, ka haɗa kwalin, da roleben kowace shekara, da takardar gama sakandare wadda ka shiga jami'ar da ita (wannan mutane ke mantawa, kuma ita ake fara tambaya), ka yi kofi ka kai a buga musu hatimi, ka tanadi fassara zuwa Faransanci daga mai fassarar da hukuma ta sani, ba yaron sibar kafe ba. Ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai ita ke da maganar. Kuma don Allah ka fara tun yanzu, kar ka jira sai an buɗe konkur saura sati biyu sannan ka hau bas kana addu'a.

Akwai manyan yarjejeniyoyi sama da wannan, ta Arusha ta 1981 da aka sabunta a Adis Ababa a 2014, da ta UNESCO ta duniya baki ɗaya ta 2019 wadda ta fara aiki a 2023. Abin da suka ce mai kyau ne, ƙasar da ta shiga dole ta duba takardarka da adalci, in za ta ƙi ta faɗi babban bambancin da ta gani. Sai dai ko ɗaya ba ta ce takarda ta wuce kai tsaye ba dubawa ba. Kowace ƙasa ta riƙe hatiminta a aljihu.

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗana ya ci bak bana, ya nace sai wata makarantar kuɗi, ya ce a allonsu an rubuta CAMES ta yarda da su. Kuɗin adashena zan zuba, shi ya sa na ce bari in tambaya. Uwar yara, daga Garin Malam.

Amsa: Hajiya lafiya lau, Allah ya sanya albarka, kuma kin yi dabara da kika tambaya kafin kuɗi su bar hannu. Abu biyu ne ake cakuɗawa da gangan. Na farko izinin gwamnati na buɗe makaranta. Na biyu tantance karatun kansa, kuma CAMES ba makaranta sukutum take yi wa shaida ba, fanni-fanni take bi, makaranta ta kai dosiyen lisans kaza, masana su duba malamai da manhaja da kayan aiki sannan a amince, shi ma na ƴan shekaru ne ana sabuntawa. Sai ki ga makaranta tana da fanni goma, biyu ne suka ci, amma allon bakin titi ya yi shiru kan sauran takwas ɗin. Ki tura shi ko wansa su tambayi darakta baki da baki: fannin nan da zan yi, shi ne aka amince da shi, a wace shekara? A nuna musu takarda. CAMES tana da jerin takardun da ta amince da su a intanet, da waya ma ana dubawa. In aka fara kame-kame ana cewa dosiye yana hanya, ki riƙe adashenki tukuna.

Ba tsoro nake ba ki ba Hajiya, an gani ne. Ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Najeriya ya ɓad da kama ya sayo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin sati 6 ko aji bai shiga ba, a watan Janairun 2024 gwamnatinsu ta dakatar da duba takardun Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatun Allah da Annabi abin ya shafa. Kuma ni da ɗana ne, zan ce ya fara leƙa Jami'ar André Salifou da ke nan gida ya ga ko akwai fannin, ga tuwon gida ga sauƙin kuɗi.

Tambaya: Yaya, fitarmu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta kashe mana takardu a waje ba? Ɗalibar lisans, Sabon Gari.

Amsa: A'a ƙanwata, CAMES daban CEDEAO daban, ai Gabon da Cadi ba su taɓa zama ƴan CEDEAO ba kuma suna cikin CAMES. Jami'ar da za ki nema a waje roleben ki za ta duba da matsayin fanninki. Ki karɓi na kowane zango da zarar ya fito ki adana a leda, ki kuma ɗauki hotonsa a waya.